Bagobiri Ya Tara Kuɗin Jirgi, Saura Ruwa

Ɗan Gwaggo, gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa. Ina gajiya, ina Gwaggo da ƙarfin jiki, yaya mutanen Gidan Rumji da ƙura? Ka gaishe min da uwargida, ka ce ina yi mata jaje tun kafin abin ya faru.

Labarinka ya karaɗe Madarumfa. An ce kakar bana ta yi maka kyau, wake ya yi, gyaɗa ta yi, kuɗi sun shiga aljihun da bai saba da su ba, sun hana ka sakat. Wani in ya samu haka sai ya ƙara shanun huɗa, ko ya gyara wa Gwaggo rufin ɗaki, ko ya sallami masu bin sa bashi. Kai kuwa ka ce jirgin ruwa za ka saya, na hannu. Har ka aiko wa Baba saƙon murya ta WhatsApp kana neman shawarar kawunka: siririn nan na tsere za ka ɗauka, ko faffaɗan na yawo da ɗaukar kaya, ko kuwa ka sa a kawo maka irin na Turawa mai ƙyallen da iska ke turawa, wanda ka gani a waya? Baba ya saurara, ya yi dariya har ya ƙware, ya miƙo min wayar ya ce in ji da bawana. To ga ni. Tunda a majalisa ka sha alwashin, a bainar jama'a za ka ji amsa. Kada ma ka yi tunanin kai ƙara. Wasan taubasai na Nijar tun 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya, babu alƙalin da zai saurare ka.

Mu fara da abin da ka manta, wato ruwa. A ina za ka tuƙa jirgin? Na san za ka buga ƙirji ka ce ai kuna da gulbi. Ban musa ba, Gulbin Maraɗi ta gefenku yake bi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ya fara gaishe mu, ya wuce Maraɗi da Tibiri, ya iso muku a gajiye, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima su nufi Sakkwato. Duk tafiyarsa a cikin Nijar kusan kilomita 120 ce. Amma baƙon damina ne. Sai ruwa ya zauna yake zuwa, kafin a gama ɗaure dammunan gero ya kama gabansa. Tun da aka gama madatsar Jibiya a 1989 ma, wani rabon sai abin da aka sako muku. Sauran watannin shekara kuwa yashi ne fari fat, jakuna na birgima, masu amalanke na ɗiban na gini, masu lambu na haƙa rijiya a gefe.

In kuma surukanka na wajen Agye da Gazawa kake so ka burge, ka hutar da kanka. Gulbin Kaba kwari ne na goruba. Ruwansa yana ƙarƙashin ƙasa, sai da guga ake gaisawa da shi. Mutanen can aya suke nomawa, suna saƙa tabarma da igiya, kuma hankalinsu kwance. Ranar da ka sauke musu jirgi a ƙofar gida, kwamin ba shanu ruwa za su mayar da shi, su yi maka godiya.

Ruwan da ake kira ruwa a wannan yanki namu ne. Tafkin Madarumfa in ya cika yana kai kadada 800, da rani ya ja baya amma masu birgi da kalli ba su rasa karfasa da tarwaɗa. A 2019 aka sa shi cikin dausayoyin duniya da ake karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara kewaye da shi. Daga garinku sai ka ci kusan kilomita 50 ka iso Maraɗi, ka ƙara 20 da wani abu kafin ka ji ƙanshin ruwa. Ke nan duk jirgin da ka saya, ko dai ya yi wata tara yana shan rana a bayan gidanka, ko ya zo ya zauna a hannun ubangidanka. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni abin da ya ɗaure min kai, a ina ka gado wannan sha'awa? Ta wajen Gwaggo dai jininmu ne, amma ita ko bakin tafki ba ta son zuwa wanki. Ta wajen mahaifinka kuwa, na bi tarihin Gobir tun daga Azbin, na sauko Birnin Lalle, na shiga Alƙalawa ta Bawa Jan Gwarzo, na fito da ku a 1808, na raka ku har Mayaƙi ya kafa Tibiri a 1836. Na ga doki, na ga sulke, na ga mashi da takobi da taurin kai. Ban ga inda Sarkin Gobir ya ci gari da kwale-kwale ba. Ko tsagen da ke kumatunka, shida nan bakwai can, bai daidaita ba. Mutumin da fuskarsa ta rinjaya gefe guda, shi ne zai zauna daidai a tsakiyar siririn jirgi? Ka yi wa Allah kada Zabarmawa su ji wannan zance. Su da ke kwana su tashi a bakin Kwara, in suka ji Bagobiri na cinikin jirgi, shekara goma ba za ku sake ɗaga kai a Yamai ba.

To, bari in yi maka adalci, in ɗauki jiragen naka ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, mai ƙyalle. Turawan da ka gani a waya su ma wannan tambayar taka suke yi wa juna in za su sayi na hannu: na tsere ko na yawo? Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a na tsere sunansa Laser. Wani mutumin Kanada, Bruce Kirby, ya zana shi, an ƙera fiye da 200,000, kuma tun 1996 ake tsere da shi a wasannin Olamfik. Tsawonsa mita 4.2, nauyin gangar jikinsa bai kai kilo 60 ba, mutum ɗaya yake ɗauka. Mai tuƙa shi ba zama yake ba. Ƙafa yake saƙalawa a maɗauri, ya jefa gangar jikinsa waje a kan ruwa don kada iska ta kwantar da jirgin. In ya kife, wanda kullum sai ya kife, sai ya yi iyo ya zagayo, ya taka allon da ke ƙarƙashi ya tayar da shi, ya haye ya ci gaba. Ka dubi tumbinka, ka sake karanta wannan.

Na yawon kuma akwai Wayfarer, na Ingila, wanda Ian Proctor ya zana a 1957. Mita 4.8 ne, faffaɗa, ya kusa ninka wancan uku a nauyi, yana ɗaukar mutum da iyalinsa da guzurinsu. Da irinsa wani Bature, Frank Dye, ya tashi daga Sukotland ya ƙetare teku har Aisland a 1963. Su can, mai sayen tsohon Laser yakan danna saman jirgin da tafin hannu ya ji ko ya yi laushi, ya cika ramin da ake kafa sandar ƙyalle da ruwa ya tsaya ya ga ko ruwan zai ragu, don in ya ragu to ramin ya tsage. Yakan buɗe ƙyallen ya duba ko ya saki. Kai kuwa a hoto za ka saya, ka tura kuɗi, ka zauna jiran kaya daga bakin teku, alhali tun 2023 hanyar Kwatano ta rikice, sai an zagayo ta Lome. In ƙarfe ɗaya ya karye, ka zagaye babbar kasuwar Maraɗi rumfa rumfa ka ga ko akwai mai shi.

Ko ya iso lafiya, akwai sauran rina a kaba. Allon nan na ƙarƙashin Laser, wanda ke hana iska tura jirgin a karkace, yana nutsewa kusan santimita 80. A gulbinku huɗa zai yi, ba tafiya ba. Sannan iskar kanta. Iska mai ɗorewa da ake tuƙi da ita ta hunturu ce, daga arewa maso gabas, kuma lokacin gulbinku ya bushe ƙurmus. Lokacin da kuke da ruwa kuwa, ko dai a yi tsit babu ko motsin ganye, ko hadari ya taso daga gabas ya kwashe rufin kwano. Da ruwa babu iska, da iska babu ruwa. Wannan jirgi mun binne shi, Allah Ya ji ƙan kuɗin da ba a kashe ba.

Na biyu, siririn kwale-kwale na tsere. Nan na san zuciyarka take, don Bagobiri in ba a kallonsa abinci ma ba ya yi masa daɗi. Ka ga bidiyon Argungu, ka ga samari sun jeru a jirgi, matuƙai na faɗa wa ruwa lokaci guda, jama'a na ihu a bakin Matan Fada. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 shi ma ya shiga kundin UNESCO. Tseren kwale-kwale yana cikin wasannin Kabanci, tare da nutso da iyo da kamun agwagwar ruwa. A Yawuri ma suna da Rigata. Amma waɗannan mutane tun suna rarrafe suke cikin ruwa, suna da Sarkin Ruwa, suna da iyayen da suka koya musu.

Jirgin tsere an yi shi dogo, siriri, marar nauyi, bakinsa kusa da ruwa. Abin da ya sa yake gudu shi ne ya sa ba ya yafiya. Mutum ɗaya ya waiwaya da ƙarfi, ko ya yi atishawa ba shiri, kowa ya sha ruwa. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya ɗaukar akuya, ba ya ɗaukar Gwaggo. Kuma ba ya tafiya sai da ƙarti masu hannu ɗaya da numfashi ɗaya. A ina za ka samo su? 'Yan majalisarku da ko kuɗin shayi sai an yi rigima kafin a haɗa? In ma ka same su, tsere sai da abokin karawa. Da wa za ka kara a Gidan Rumji? Ka zo na ɗaya, ka zo na ƙarshe, ka ba kanka kyauta, ka tafa wa kanka.

Bari in yi maka da harshen da kuka fi ganewa. Siririn jirgi dokin sukuwa ne: ranar hawan salla kowa na yaba shi, sauran kwanakin shekara kai ke yi masa bauta, ga harawa ga dawa ga kanwa, bai ɗauko maka ko tulu ɗaya ba. Faffaɗan kuwa jakin gida ne. Babu maroƙin da zai yi masa kirari, amma shi ke kai taki gona ya dawo da amfani.

Shi ya kawo mu na uku. Faffaɗan jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki ba ya buƙatar zurfi, ruwa iya gwiwa ya ishe shi. Ba ya gudu, amma ba ya saurin kifewa. A inda babu zurfi gwangwala ake dogarawa a tura shi, a inda ya yi zurfi a koma matuƙi, mai hali kuma ya ɗaura masa ƙaramin injin Yamaha a baya. Shi ne kaɗai a cikin ukun da zai iya mayar maka da kuɗinka. In gulbi ya kawo a watan Agusta, ya raba mutane da gonakinsu na ƙetare, ya raba ƙauyuka da kasuwa, mai fito shi ne sarki. In ruwa ya janye, a ɗora shi a mota a kawo shi tafki, masunta su karɓe shi haya. Yawon da kake mafarki ma da shi ake yi: ka shimfiɗa tabarma, ka zaunar da uwargida da yara, a zaga da ku ku ga tsuntsaye, ku dawo da kayanku a bushe.

Saura sayen, kuma a nan ne ake yanka irinku. Mai sayar da tsohon jirgi da ya hango tsage ya san kasuwa ta yi. Don haka buɗe kunnenka.

Kada ka sayi jirgi a tudu. Katako in ya daɗe a rana tsukewa yake, haɗin ya buɗe, kuma ba ka sanin gaskiyarsa sai ya sha ruwa ya kumbura. Ka sa a jefa shi a ruwa da yamma, a kwashe cikinsa tas, a ɗora masa buhunan yashi, ka dawo da sassafe kafin mai shi ya riga ka. Ɗan damshi a ƙasa ba komai ba ne, kowane jirgin katako yana gumi. Amma in ka tarar ruwa ya rufe idon sawu, ka yi masa sallama. Ka kuma dubi ƙwaryar kwalfe ruwa da ke ciki. In bakinta ya cinye ya yi santsi, ta gaya maka abin da mai jirgin ya ɓoye.

Sabon fenti a tsohon jirgi abin tsoro ne. Ka tafi da basilla. Ka sa a kife jirgin, ka bi cikinsa kana ƙwanƙwasawa da bayan wuƙa. Lafiyayyen itace amsawa yake da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji buf. Inda ka ji haka ka soka basilla. In ta shige ba gardama, ko ta fito da gari, to ruwa ko gara sun riga ka saye. Ka fi matsa wa goshi da gindi, inda ake jan shi a ƙasa, da ƙarƙashin katakon zama, inda ruwa ke kwana. Ka bi kan ƙusoshi: wadda ta zubar da jan hawaye ta ci tsatsa, itacen da ke kewaye da ita ma ya tafi. Facin gwangwani ɗaya ko biyu da aka liƙe da auduga da kwalta ba aibi ba ne. Amma in faci ya hau kan faci, to gwangwani kake saye, ba jirgi ba.

Ka tambayi itacen. Maɗaci da kawo suna da nauyi, suna jure ruwa shekaru. Rimi ba shi da nauyi, yana da sauƙin sassaƙa da sauƙin kuɗi, amma ba ya daɗewa, araha kuwa ba ta ado. Wanda aka sassaƙa daga gungume guda in ya tsage a tsaye gyaransa wuya, na katako kuwa ana cire ruɓaɓɓen a sa sabo. Kada kuma wayonka na Gobir ya kai ka ga gawon da ke gonarka, ka ce za ka sare ka sassaƙa naka. Ma'aikatan gandun daji za su karɓe kuɗin jirgin da na injin. Ka tafi da masunci tsoho ya duba maka, ka ba shi goronsa. Ka tambayi dalilin sayarwa, sannan ka tambayi maƙwabcin mai sayarwar, don amsoshin ba su cika zama ɗaya ba.

Yanzu ajiye dariya, wannan ba wasa ba ne. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya nufi Wara a jihar Kabi, ɗauke da mutum fiye da 150, ya rabe a tsakiyar Kwara, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, wani ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. Allah Ya ji ƙansu. Duk inda ka bi irin wannan labari za ka tarar da abu uku: jirgi ya tsufa, lodi ya wuce kima, babu rigar ruwa. Gulbinku da nake yi wa dariya ma ba abin raini ba ne. Shi ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tashi aka koma kan tudu. In ya kawo yana tafe da itatuwa da ƙarfin da ke kayar da raƙumi. Ranar da ka ɗauki ɗan wani a jirginka, amanar ransa tana wuyanka. Ka sa alama a jikin jirgin, in ruwa ya taɓa ta ko limamin garinku ne ya jira sawu na biyu. Kada ka yi fito da dare, kada ka yi in hadari ya haɗo. Kuɗin da ka ware don rubuta kirarinka a jikin jirgi, ka sayi rigunan ruwa da su. Kai kanka kuma ka koyi iyo tukuna, don iya ruwa fidda kai. Ka zo Madarumfa, akwai yara 'yan shekara bakwai da za su koya maka, ba za mu bari a ɗauki hoto ba sai kaɗan.

Ga hukunci. Mai ƙyalle ka bar wa masu teku. Siririn ka bar wa Kabawa, in kana son tsere ka biya kuɗin mota ka je Argungu kallo. Ka sayi faffaɗan, na maɗaci ko kawo, wanda ya kwana a ruwa da lodi a gaban idonka. Da damina ya yi fito a wajenku a hannun wanda ya san ruwa, da rani ya dawo tafki wajen ubangidanka, tunda bawa da abin da ya mallaka duk na mai shi ne. Kifin da aka kama da shi kuma ni zan riƙa raba shi, kai da ƙaya naka, tsoka tawa da ta Gwaggo.

Kuɗin sharar da kake ta yi min naci tun watan cika-ciki, na riƙe su ladan wannan shawara, har ma da ciko a kanka. In kana da ja, fili a buɗe yake, ka rubuto. Sai dai ka nemi wanda zai duba maka rubutun kafin ka aiko, kada masu karatu su ce Gwaggo ta yi asarar kuɗin makaranta.